Na'urar da Ta Ƙi Hoto

A ƙarshen shekarar 1997 ne Surajo Yalwa ya sauka a Kwanar Dangora da kwamfuta naɗe cikin bargo, ya hau bayan mai babur da ita a cinya, ya shiga gari yana roƙon a bi a hankali. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Kiru. Abokinsa Shitu, wanda suka yi karatu tare a Zariya kuma ya tsaya can yana gyaran kwamfutoci, shi ya harhaɗa masa ita daga kayan gwanjo: akwatin daga wani ofis, allon daga wani.

Tsarin da ke tafiyar da ita ba irin na sayarwa ba ne. Sunansa Linuks. Wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, suka rubuta shi suka bar shi kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Wannan ya burge Surajo ƙwarai.

"Komai tana yi," in ji Shitu ranar da ya miƙa masa ita. "Ɓangaren hoto ne kawai ban saita ba. Wannan ba aiki ba ne, kafin ka ci abincin rana ka gama."

Hoton kuwa shi Surajo ya fi buƙata. Mutum ne da ya san lissafi amma hannunsa bai iya zane ba. In ya ja lanƙwasasshen layi a allon aji, ɗalibai sukan ce ya zana ƙwarya wadda jaki ya taka. Burinsa na'urar ta riƙa zana masa waɗannan layuka sumul, ya tara ɗalibansa su ga yadda abin yake da gaske.

Ya ajiye ta a shagon da ke jikin zauren gidansa. Wutar gari ba abin dogaro ba ce, don haka ya ja waya daga janareton maƙwabcinsa Ɗanliti mai walda, wanda ba ya tayar da shi sai bayan azahar. Da ya kunna, sai ga baƙin allo da fararen rubutu. In ya rubuta umarni, ta amsa. In ya ba ta lissafi, ta warware. In kuwa ya ce ta buɗe ɓangaren hoto, sai allon ya yi walƙiya, ya yi ƙas-ƙas, ya koma baƙi, ta jero masa ƙorafi layi-layi da Turanci.

Matsalar tana jikin wani falle kore mai faɗin tafin hannu a cikin akwatin, wanda ake kira katin hoto. Shi ke gaya wa allon abin da zai zana. Sai mutum ya faɗa wa tsarin sunan ƙwaƙwalwar katin, ya kuma rubuta masa wasu lambobi na saurin da allon zai iya ɗauka. Katin Surajo yana ɗauke da wata takarda mai ruwan zinare manne a kan ƙwaƙwalwar, da suna mai daɗin faɗa, amma sunan ba ya cikin waɗanda tsarin ya sani. Allon kuma babu wani bayani a jikinsa. Sai lalube. Kullum ya dawo daga makaranta zai zauna ya canza lamba, ya gwada, ta ƙi, ya sake canzawa.

Ana cikin haka labari ya kai wa surukinsa cewa mijin 'yarsa ya shigo da talabijin.

Malam Abdussalami, mahaifin Barakatu matar Surajo, malami ne da ake ji da shi a Dangora. Yana karantar da manyan ɗalibai a zaurensa bayan la'asar, kuma a wannan shekarar ya sa gidajen kallon bidiyo a gaba, waɗanda suka ɓullo a bakin titi suna kwashe samari daga gona da karatu. Ba ya zuwa gidan surukinsa sai da dalili. Ran nan sai ga shi da sanda da ɗalibai biyu a bayansa.

Surajo ya durƙusa ya gaishe shi, aka shimfiɗa masa buzu. Malam ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya nuna na'urar da haɓa.

"Kunna mu gani."

Surajo ya kunna. Fararen rubutu suka yi ta hawa sama. Malam ya matso da fuska, domin idanunsa sun fara rauni.

"Ina hoton?"

"Allah ya gafarta Malam, ba ta nuna hoto."

"Sa ta ta nuna."

Surajo ya buga umarnin. Allon ya yi walƙiya, ya yi ƙas-ƙas, ya koma baƙi, ƙorafin ya zubo.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba za ta nuna ba."

"Kai ka hana ta, ko ita ta ƙi?"

"Tun da aka kawo ta take ƙi, Allah ya gafarta Malam. Babu yadda ban..."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam, ya gyara zama, fuskarsa ta saki. Ya juya wajen ɗalibansa. "Kun gani ko? Rubutu zalla. Ashe a cikin kayan zamani ma akwai mai kunya. Allah ya yi maka albarka, Malam Surajo. Da na zo da wata magana, amma na janye ta."

Surajo ya buɗe baki, ya rufe. Ba a katse dattijo yana sa albarka, balle suruki.

A makon nan Malam ya kawo zancen a wajen karatu, ya ce duk mai son ganin bambancin ilmi da shashanci ya je shagon Surajo. Mutane kuwa suka je. Dattawa suka riƙa biyowa bayan la'asar, su tuɓe takalma, su ce a sa ta ta ƙi su gani. Wani makiyayi, Dikko, ya taso tun daga wajen Ɗansoshiya ranar kasuwa, ya tsuguna ya zuba wa allon ido har ya gaji.

"Ni fa ban ga komai ba," ya ce.

"Ai shi ne abin kallon," wani dattijo ya ba shi amsa.

Dikko ya jinjina kai, ya ce lalle, ya ajiye wa maigidan ƙwaryar nono ya tafi.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, duk gwajin da Surajo ke yi a gaban jama'a na gaske ne, da lambobin da ya canza a ranar. Yana buga umarnin zuciyarsa na dukan uku-uku. Rabinta na cewa Allah ya sa ta yi, rabinta na cewa Allah ya sa ba yau ba. In allon ya koma baƙi, jama'a su ce masha Allahu, shi kuma ya share gumi, bai san ko na takaici ba ne ko na samun sauƙi.

Barakatu kaɗai ta san gaskiya, kuma abin dariya yake ba ta.

"Baban Asabe," takan ce in ta kawo masa kunu, "yau ma ustaziyar ba ta sauko ba?"

"Ki daina, kar a ji."

"To kai me kake so ne? Baba bai taɓa yabon kowa haka ba. Ko yayana da ya sauke Alƙur'ani, goro kawai ya raba."

Wata rana, shi kaɗai, haƙurinsa ya ƙare ya ɗaga lambobin sama da yadda ya saba. Allon ya fara wani siririn fito kamar sauro a kunne, sannan ya yi ɗas. Hayaƙi ya fito ta bayansa. Barakatu ta rugo daga cikin gida tana tsammanin miyarta ce ta kama. Ta tarar da mijinta zaune ya rafka tagumi, shagon na warin ƙonanniyar roba.

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Tudun Wada wajen Bature, wani tsohon ɗan ajinsu da ke da shagon buga takardu kusa da sakatariya. Kwamfutar Bature irin ta kowa ce, da kalar shuɗi da 'yan hotuna, yana buga karta a kanta in babu aiki. Ya saurari labarin yana dariya har da buga tebur.

"Kawo ta in zuba maka tsari irin nawa. Kafin ka shanye shayi hoto ya fito."

"Naka ai kwafin wani ne aka kwafa."

"To? Naka na halal ne, me ya nuna maka?"

Surajo ya ce shi dai yana nan a kan bakansa. Bature ya ce wannan ba ra'ayi ba ne, ciwo ne, amma ya jawo wani tsohon allo daga ƙarƙashin tebur, mai tsagewa a gefe, ya ce ya je da shi. A bayan wannan allon akwai ɗan ƙarfe da aka rubuta lambobin saurinsa. Rabin matsala ya kau. Saura sunan katin.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Shagon kwano ne, rana na dukansa tun hantsi, don haka Surajo ya cire murfin akwatin don na'urar ta sha iska. Wata azahar ya leƙa ciki, ya ga takardar nan mai ruwan zinare ta nannaɗe a gefe, zafi ya narkar da gam ɗinta. Ya sa farce ya ɗaga ta. A ƙarƙashi akwai wani suna daban, bugagge a jikin ƙwaƙwalwar, na wani tsohon samfuri mai araha. Wani ɗan kasuwa ne a wata ƙasa ya manna masa sunan girma don ya sayu. Sunan na gaskiya kuwa yana cikin waɗanda tsarin ya sani tun ranar farko. Surajo ya wuce shi da ido ya fi a ƙirga.

Ya jira Ɗanliti ya tayar da janareto. Ya rufe ƙofa, ya rubuta sunan, ya buga umarnin. Allon ya yi walƙiya, ya yi ƙas. Bai koma baƙi ba. Wata saƙa mai ruwan toka ta cika shi, da ɗan gicciye baƙi a tsakiya. Ya taɓa abin nan da ake kira ɓera, wanda ya daɗe a ajiye ba shi da aiki, sai gicciyen ya motsa.

Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya leƙa cikin gida ya yafito Barakatu da hannu.

Ta shigo tana goge hannu da zani, ta duba.

"Wannan ne?"

"Wannan ne!"

"Abin da ka rame a kansa ke nan? Ai kamar gidan sauro."

"Tsaya ki gani."

Cikin 'yan kayan wasan da suka zo da tsarin akwai wasu idanu biyu, manya, farare, babu fuska babu kai, waɗanda ƙwayoyinsu ke bin ɓeran duk inda aka kai shi. Ya kira su. Ya ja dama, suka harari dama. Ya ja ƙasa, suka sunkuya. Barakatu ta toshe baki da gefen mayafi, tana dariya har da hawaye. Da ta lafa sai ta dube shi.

"To, Baba fa?"

Daga ranar na'urar ta zama mai fuska biyu. Surajo ya ajiye tsofaffin lambobin da ba sa aiki saboda baƙi: in an yi sallama, ya mayar da su, ya buɗe ƙofa, ta ƙi a gaban kowa, a yi masha Allahu a watse. In ya kaɗaita ya sa na gaskiya, ya zana layukansa sumul, masu kyan da bai taɓa gani ba ko a littafi. Sai dai ba halin ya nuna wa ɗalibansa, domin rabinsu iyayensu a zauren Malam suke karatu. A aji ya ci gaba da zana ƙwaryarsa da alli.

Da damina ta kankama, Malam Abdussalami ya sake zuwa, wannan karon shi kaɗai, da gafaka a hammata. Bayan gaisuwa ya zaro wasu takardu da suka sha hannu. Waƙa ce da ya daɗe yana tsarawa da ajami, kan hukunce-hukuncen noma: zakkar hatsi, haƙƙin maƙwabcin gona, ɓarnar dabbobi da yadda ake sulhunta ta.

"Idanuna sun gaza," ya ce. "Rubutun hannuna ma yanzu sai wani ya karanta mini. Ina so a buga ta manoma su samu. An ce in kai Kano, na ce a'a. Injinan can ba abin da ba sa bugawa, har hotunan 'yan wasa. Wannan taka ita ce tsarkakakkiya. A cikinta nake so a rubuta."

Nan Surajo ya ga matsala. Baƙin allon ba ya iya baƙaƙen larabci, boko kawai ya sani. Akwai hanyar da za a tsara rubutun larabci a cikin tsarin, Shitu ya taɓa kawo masa ita a faifai, amma ba a ganin sakamakon sai ta ɓangaren hoto.

"Allah ya gafarta Malam," ya ce a hankali, "rubutun larabci a wurinta zane ne. Sai an buɗe ɓangaren hoto."

"Ai ba ta da shi."

"Tana da shi."

Malam ya ɗago.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara."

Malam ya ajiye takardun a gefe.

"A makon jiya na turo Liman na Ƙofa ya zo ya gani," in ji Malam. "Ya koma yana ba da labari."

"Ya zo, Allah ya gafarta Malam."

"Ta ƙi a gabansa."

"Na sa ta ƙi."

Malam ya shafa gemu. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi damun Surajo ke nan. Ya ce kawai, "Rubuta baitin farko mu ga abin da aka ɓoye mana."

Surajo ya ɗauki lokaci yana bugawa, Malam na karanto masa da ka. Sannan ya sa lambobin gaskiya ya buɗe. Farar takarda ta bayyana a allon, baitin a tsakiyarta, ya ƙara girmansa har kowane harafi ya kai ɗan yatsa. Malam ya matso. Leɓunansa suka fara motsi. Rabon da ya karanta kalmominsa da idonsa an daɗe, sai ga shi yana bin su da yatsa a jikin gilashi. Surajo ya ji wani sanyi a ransa, ya ce a zuci wahalarsa ba ta tafi a banza ba.

Sai yatsan ya tsaya.

"Wannan harafin fa'u, me ya kai ɗigonsa sama?"

"Haka take rubuta shi."

"Rubutun gabas ke nan. Ni na san shi, na karanta littattafansu. Amma manoman da na yi wa waƙar, a allo suka yi karatu. A wurinmu fa'u ɗigonsa a ƙasa yake. In ya hau sama ya zama ƙaf. Karanta mini abin da na ce."

"Allah tsare mu da fari."

"To su za su karanta, Allah tsare mu da ƙari. Ka ga in na raba wa manoma wannan addu'a a tsakiyar damina, ai sai su biyo ni da fartanya."

Surajo ya ce ana iya gyarawa. Sai dai dole ne ya zauna ya zana haruffan da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya koya mata.

"Kai za ka zana?" in ji Malam, wanda labarin ƙwaryar ya riga ya iso masa ta bakin jikoki. Ya fara tattara takardunsa. "Bar shi. Uba ɗalibina yana da hannu mai kyau, zai kwafa."

Surajo ya rufe takardar da ke allon. A bayanta kuwa, a kusurwar allon, idanun nan biyu suna zaune, domin ya saita su su riƙa fitowa da kansu saboda Asabe, 'yarsa, ya kuma manta. Hannunsa ya ture ɓeran, suka juyo suka kalli wajen da Malam yake.

Malam ya ja baya kaɗan.

"Mene ne wannan?"

"Wasa ne, Allah ya gafarta Malam. Yanzu zan kashe."

"Dakata."

Ya miƙa hannu ya kama ɓeran kamar mai kama ɗan tsako. Ya tura shi gaba, idanun suka kalli sama. Ya jawo shi, suka biyo. Ya kai shi tsakaninsu, suka harɗe kamar na mai jin barci. Wani sauti ya kuɓuce wa Malam ta hanci, ya yi maza ya mayar da shi tari.

"Suna da kai?" ya tambaya.

"Babu."

"Jiki fa?"

"Idanu ne kawai."

Malam ya yi nazari, ɓeran na hannunsa bai saki ba.

"Abin da malamai suka yi magana a kansa surar mai rai ce cikakkiya. Ido ba kai, ba wanda zai rayu a haka. Amma mas'alar tana son bincike. Zan dawo in ƙara dubawa."

Ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

"In mutanen gari sun zo, ka bar musu baƙin. Ba kowa ke da fahimta ba."

Binciken ya ɗauki sauran damina. Malam yakan biyo kafin karatun la'asar, ya sa a rufe ƙofa, ya ɗora Asabe a cinya, su biyu su yi ta wahalar da idanun har Ɗanliti ya kashe janareto. Surajo yana gefe a kan tabarma yana duba takardun jarrabawa. Barakatu ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mahaifinta yana yawan ziyara haka ba.

Duk da haka Surajo bai bar wahalarsa ta tsaya a Dangora ba. Ya rubuta bayanin komai dalla-dalla, sunan ƙarya da na gaskiya da lambobin allon, ya kai wa Shitu a Zariya ya aika wa masu tsarin ta wayar kwamfuta, ko wani a wata duniya zai huta. Bayan an yi girbi Shitu ya zo da kansa, da amsa da kuma sabon faifai. Wani mutum ne daga wata ƙasa mai sanyi ya amsa, cikin ladabi. Ya yi godiya, ya ce sun san da irin waɗannan katuna, kuma sabon fitowar tsarin yana gane su da kansa ba sai an gaya masa suna ba. Ya fito tun kafin bazara.

"Ga shi nan," in ji Shitu. "Ka sa kawai, ka danna, shi ke nan. Ko yaro zai iya."

Surajo ya karɓi faifan ya juya shi, yana kallon fuskarsa a ciki.

"Mu sa yanzu?" in ji Shitu.

"Bari mu ci abinci tukuna," in ji Surajo. Ya ɗora faifan can saman kabad, ya leƙa cikin gida ya ce wa Barakatu a ƙara tuwo, an yi baƙo daga Zariya.